Kurakuran da ake yi in za a kai ɗalibai eskoshon na kwana

Da hunturu ya shigo sai ka ga makarantun Kano sun fara shirin kai yara Yankari ko Tiga su kwana, kuma kuskuren da na tafka shekarun baya shi nake gani sabbin malamai suna ta maimaitawa, abin ya ishe ni shi ya sa na ce bari in yi magana.

Babbansu shi ne takardar izinin iyaye. Layi biyu ake rubutawa, na yarda ɗana ya je, a sa hannu a haɗo da kuɗin mota shikenan, ba wanda ya tambayi lafiyar yaron. Ni ma haka na yi. Na kwashi 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare muka tafi Yankari a watan Janairu, da yamma suka shiga ruwan Wikki, ruwan nan ɗumi gare shi wajen digiri 31 rani da damina, daɗi ya ɗebe su suka daɗe a ciki, suna fitowa iskar hunturu ta buge su jiki a jiƙe. Wajen ƙarfe 1 na dare wani yaro ya fara murƙususu riƙe da gwiwarsa yana cewa Malam ƙashina, Malam ƙashina. Ashe sikila gare shi. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon nan, kuma duk biyun sun haɗu a kansa don tun a mota yake ƙin shan ruwa wai kar fitsari ya matse shi. Ba komai a hannuna sai fanadol, direba ya tafi kwana wani waje wayarsa a kashe, garin Bauchi kuma ya fi kilomita 100. Da na samu mahaifiyarsa da asuba kuka take tana cewa Malam ai na ɗauka makaranta ta sani. Allah ya taimaka muka kai shi asibiti ya samu sauƙi, amma har yau in na tuna daren nan sai gabana ya faɗi.

Tun daga nan ni da bakina nake kiran kowane uba ko uwa in tambaya, sikila, asma, farfaɗiya, fitsarin kwance, abincin da ba ya ci, saboda da yawa ba za su rubuta a takarda ba, wasu nauyi suke ji wasu tsoro suke a hana yaron zuwa. Magani a ƙulle a leda da sunan mai shi yana jakata, inhela, wato abin shaƙa na masu asma, ita kawai nake bari a aljihun yaro. Direba kuma ɗakinsa na jikin nawa, tanki a cike, mukulli a wajena. Wasu na cewa na cika takura, ni dai ban fasa ba.

Sai ƙirga yara. Haba jama'a, ya za a yi a tsaya sallar azahar a Ningi, malami ya leƙa mota ya ce kowa ya shigo ko, yara su amsa eh, a ja mota? Yaron da ke banɗaki shi zai amsa maka? 'Ya'yan mutane ne fa amana a hannunka! Ka riƙe rajista ka kira suna ɗaya bayan ɗaya duk inda aka tsaya, kuma ka haɗa su bibbiyu kowa ya san abokin tafiyarsa.

A bar Kano bayan asuba, in aka kai ƙarfe 11 ana jiran makararru to a duhu za a isa. In da 'yan mata dole a tafi da malama, ta riƙo audugar mata ko ba a tambaya ba. Bargo, rigar sanyi, gidan sauro, tocila, takalmi sau ciki ba silifas ba. Kar a yarda da dafadukar da za ta kwana a kula, gara biredi da ƙuli-ƙuli da dabino, a riƙo ruwan gishiri da sukari saboda gudawa. In Yankari ce ku ja musu kunne tun a aji kar wanda ya fito da abinci a hannu ko ya bar taga a buɗe, gwaggon biran wajen ba sa tsoron mutum, a gabana ɗaya ya fizge ledar biredi a hannun wata yarinya.