Yana rera ABCD amma ya kasa karanta "gida": kurakuran da muke yi a aji ɗaya da biyu

Duk farkon zango sai wata uwa ta kawo min ɗanta ta ce, "Malama, yaron nan akwai ƙoƙari, ABCD har Z yake kaiwa." Sai in rubuta "gida" a takarda in miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, shiru. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, hanyar da aka bi da shi ce ta karkace. Daga Gangare zuwa Rikkos da Unguwar Rogo a nan Jos, kusan kurakurai iri ɗaya muke maimaitawa, mu malamai da iyaye.

Mafi girma shi ne koya wa yaro sunan harafi kafin sautinsa. Waƙar ABCD sunayen haruffa ne na Turanci. A can, harafin a sunansa "ei", e sunansa "i", shi kuma i sunansa "ai". To yaron da ya haddace wannan, idan ya ga "gida" sai ya ce "ji-ai-di-ei", babu yadda za a yi wannan ya haɗu ya ba shi kalma. Alhali rubutun Hausa ya yi mana sauƙi: wasula biyar ne, a e i o u, kuma yawanci yadda aka rubuta haka ake faɗa. Gyaran shi ne a fara da sauti, a ɗaura baƙi da wasali: ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku. Daga nan a haɗa gaɓoɓi: ka-ka, ki-fi, gi-da. Malaman allo sun riga mu gane wannan tun da daɗewa, babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan yaro ya fara haɗawa. Kuma kada a jira sai an gama haruffa duka. Da a, i, k, m, n kaɗai yaro zai karanta mama, kaka, nama, kai, mai. Ranar da ya fitar da kalma ta farko da kansa, ku dubi fuskarsa.

Na san iyaye da yawa Turanci suke so su ji a bakin yaro tun daga nasare, kuma ban ga laifinsu ba. Amma karatu sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi saurin kamuwa a harshen da yaro yake ji. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara da harshen uwa ko wanda ake yi a yankin. A ajujuwanmu na Jos akwai 'ya'yan Birom, Afizere, Anaguta da Fulani, amma a lokacin tara da Hausa akasarinsu suke wasa. Wanda ya gane yadda sauti ke zama rubutu a Hausa, ba daga farko zai soma ba idan ya zo Turanci. Sai dai a gaya masa a fili cewa c ɗin "cat" ba irin na "cokali" ba ne.

Sai karatun amshi. Malami ya faɗa, aji ya ɗauka, ana jiyo su har bakin titi, kowa ya ji daɗi. A cikin yara sittin wataƙila kaɗan ne idonsu ke kan allo, sauran bakin 'yan gaba suke bi. Gwajin ba wuya: rufe hoton da ke shafin, ko ka nuna kalmomin daga ƙasa zuwa sama, ko ka rubuta kalmar da bai taɓa gani ba amma ya san haruffanta. Kullum a ware yara biyar ko shida su karanta maka ɗaya bayan ɗaya, ko layi biyu ne. Cikin mako biyu ka ji muryar kowa.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ, ɗ, ƙ da 'y, mu manya muka fara yin watsi da su a waya, yaran suka gada. Ba ado ba ne. Kafa daban, ƙafa daban. Kasa daban, ƙasa daban. Daidai daban, ɗaiɗai daban. Irin waɗannan tagwayen kalmomi su ne maganin: a faɗa, yaro ya saurara, ya nuna wadda ya ji. Haka sh da ts, a koyar da su a matsayin sauti ɗaya ɗaya.

A ɓangaren rubutu, abin da ya fi ci min rai shi ne kwafe. Yaro ya cika shafi uku da abin da ke kan allo, hannunsa tsaf, amma ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta, ba zai iya ba. Wannan zane ne. A riƙa yi musu shifta gajeriya kullum, kalmomi biyar daga sautukan da aka koya, sannan kowa ya rubuta jimla ɗaya tasa: me ya ci da safe, wa ya rako shi makaranta. A nan ne za ka ga "yatafi" da "zanje", ka nuna masa "ya tafi" da "zan je", ka kuma nuna masa cewa "gidansa" a haɗe yake. Kuskure ɗaya za ka gyara a rana. Shafin da aka yi wa ja-ja da biro, ko aka bi da bulala, ba ya koya wa yaro komai sai ɓoye littafinsa.

Akwai abubuwan da muke ɗauka taurin kai ne alhali suna da dalili. Yaron da ya fara rubutu daga dama, sau da yawa daga Islamiyya ya ɗauko, ɗigo ɗaya a gefen hagu na layi ya isa ya tuna masa. Mai juya b da d a aji ɗaya haƙuri yake buƙata da yawan gwaji, a ƙasa da yatsa ko a iska, amma in abin ya bi shi har aji uku sai a zauna da iyayensa. Bahago a bar shi da hagunsa, a ɗan karkata masa littafin. Mai matse ido yana kallon allo a dawo da shi gaba, a ce wa iyaye su kai shi a duba idon. Lokacin hunturu kuma, kun san sanyin Jos, yatsun yara a ƙage suke da safe. Ni sai rana ta ɗan ɗaga nake sa rubutu, a fara da karatu.

Iyaye, ku daina bari Yaya ko Anti su yi wa ƙaramin aikin gida, domin malama na ganin aiki mai kyau ta ɗauka ya iya, ta wuce gaba ta bar shi. Minti goma bayan magariba ya isa: ya karanta muku shafi ɗaya, ku tambaye shi me ya faru a ciki. Ku ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, washegari ya rubuta jimla biyu a kanta. In za ku kasuwar Taminus ko Farin Gada, ku sa shi ya rubuta muku jerin cefane, tumatir, albasa, dankali, shi kuma zai karanta muku a gaban mai kaya.