Darasi na Tara: Gyaran Tof Silinda na Tsohuwar Mota

Tof silinda shi ne murfin ƙarfe da ke rufe saman injin. A jikinsa bawul da fulogi suke, kuma a cikinsa akwai hanyoyin da ruwa da baƙin mai ke bi. Tsakaninsa da bulok, wato gangar jikin injin, akwai gasket, shimfiɗar da ke hana yoyo a tsakaninsu. Za mu yi misali da Peugeot 504, domin ita ce muka fi sani. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, daga baya kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya riƙa harhaɗa ta. Ta daɗe tana jigilar mutane a hanyoyin Illela da Gusau da Birnin Kebbi, kuma har yau akwai masu riƙe da ita da kyau.

Zafi ne babban abokin gābar tof silinda. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe lagireto, ruwan rijiya da ake zubawa ya bar datti a ciki, fanbel ya saki. Tof ɗin 504 na alminiyam ne, bulok kuwa baƙin ƙarfe. Alminiyam ya fi saurin buɗewa idan ya ji wuta, don haka sai ya lanƙwashe ko ya tsage. Direban da ya kwara ruwan sanyi a injin da ke tafasa ya ƙara masa ciwo.

Alamomin ba su ɓuya. Farin hayaƙi yana fita ta salansa ko bayan injin ya ɗumama. Ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Lagireto yana fitar da kumfa idan injin na aiki.

Kada ka taɓa noti sai injin ya huce sarai. Cire kan batir, ka tsiyaye ruwa. Kwance kusoshin tof ɗin kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Sandunan da ke tura bawul, soka su a kwali bi da bi, ka rubuta lamba 1 zuwa 8, kowanne ya koma gidansa.

Ga inda yaran gareji da yawa ke ɓata aiki. Silib ɗin 504, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a manne yake da bulok ba, tof ɗin ne ke danne shi. Idan ka fizgo tof sama, ko ka juya injin bayan ka cire shi, silib zai ɗaga, abin da ke tare ruwa a ƙasansa ya motsa, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Daga nan aikin yini ɗaya ya zama sauke injin gaba ɗaya. Goce tof ɗin gefe tukuna har gasket ya saki, sannan ka ɗaga. Nan take ka danne silib ɗin da manyan wasa, wato zobban ƙarfe da ake sa wa a ƙarƙashin noti, da kusoshi.

Wanke tof ɗin da kananzir. Kankare ragowar gasket a hankali, kada ka karce alminiyam. Sai awo, kuma ina roƙonku kada ku tsallake shi. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar tof, a tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ka gwada zura fila gej, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara, a ƙarƙashi. Idan fallen da ya wuce milimita 0.05 ya shige, tof ya lanƙwashe. Ido ba ya ganin wannan. Mai mota zai ce, "Oga, a sa sabon gasket kawai, ina sauri." Ka ce masa, "Alhaji, yi haƙuri, in ba a daidaita fuskar ba, gasket ɗin zai sake ƙonewa, ka biya sau biyu."

Mai injin fiƙe ƙarfe ne ke daidaita fuskar. A cire ɗan abin da ya zama dole kawai. Tof da aka yi ta fiƙewa yana ƙara matsi a silinda, injin ya riƙa ƙwanƙwasa.

Nemi tsaga tsakanin mazaunin bawul biyu da kuma gefen ramin fulogi. Ƙaramar tsaga tana waldawa, amma sai wurin mai waldar alminiyam da ke ɗumama tof ɗin kafin ya fara. Wadda ta kai hanyar ruwa, ni dai shawarata a nemi wani tof mai lafiya. Don gwada bawul, zuba kananzir a ƙofofinsu. Wanda ya yi yoyo, a goge shi da man gurza bawul har ya zauna daidai.

Wajen mayarwa, sabon gasket kawai, ba a maimaita tsoho. Ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awon ƙarfi. Saita tazarar bawul da sanyi: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi milimita 0.25. Kafin motar ta bar gareji, wanke lagireto, duba famfon ruwa da fanbel da tamostat, domin abin da ya jawo zafin yana nan. Bayan ta yi kimanin kilomita 1,000, a dawo da ita a sake ɗaure kusoshin.

Aikin gida: zana fuskar tof silinda a littafinka, ka nuna da layi wuraren da za ka ɗora ƙarfen awo. A ƙasa, rubuta da kalmominka dalilin da ya sa ba a juya injin 504 idan an cire tof.