Yadda za ka zana taswirar ragowar ganuwar Katsina da wayarka

Duk wanda ya taso a Birnin Katsina ya san ganuwa kullum raguwa take: damina ta ci, masu gini su ɗebi ƙasa, wani ya kafa shago a kai. Hoto kaɗai ba ya riƙe ta. Sai an auna, an rubuta inda kowane guntu yake da lambobi. Irin wannan aikin ne ƙungiyar CAA ta sa a gaba, wato ƙungiyar masana na duniya masu amfani da kwamfuta da lissafi wajen binciken kayan tarihi, wadda ta faro da wani taro a Birmingham ta Ingila a 1973.

Kafin komai, je ka gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka kuma sanar da gidan adana kayan tarihi da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. Awo za ka yi. Tono kuwa sai da izinin hukuma, kada ka taɓa.

Daga nan sai kayan aiki. Sauke QGIS, manhajar zana taswira, a kwamfuta, da QField, wadda ake shigar da bayanan fili da ita, a waya. Duka kyauta ne. Buɗe sabon aiki a QGIS ka zaɓi tsarin awo na UTM, wanda ya kasa duniya yanki-yanki, ka ɗauki yanki na 32N, domin Katsina a cikinsa ta faɗa. Ka tsara fom gajere: lambar wuri, tsayin bango, kaurin gindinsa, halin da yake ciki, kwanan wata, hoto. Wajen halin bango kada ka bar kowa ya rubuta son ransa. Ka ƙayyade kalmomi huɗu kawai, misali "a tsaye", "ya zube", "tudu", "babu". In wannan ya rubuta "ya lalace", wancan "ya rushe", kwamfuta ba za ta san abu ɗaya suke nufi ba.

Ranar fita ka yi sammako, da tef da sanda mai mita ɗaya da za ka riƙa jinginawa a bango kafin ɗaukar hoto. Fara daga ƙofa, kamar Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri, ka bi layin ganuwar. A kowane wuri ka tsaya kamar minti ɗaya wayar ta natsu, don GPS ɗin waya yakan kauce da 'yan mitoci, musamman a lungu. Inda bango ya ɓace, nemi dattijon unguwa: "Baba, ta ina ta bi a da?" Abin da ya nuna maka da sandarsa ka shigar, amma ka sa alamar cewa daga baki ka ji.

Wani kuskure da na taɓa yi: na kwafe lambobin digiri na wuraren zuwa tebur a kwamfuta, na musanya na arewa da na gabas. Da na buɗe taswira sai ga ganuwar Katsina can cikin Kamaru! Katsina tana wajen digiri 13 arewa, 7.6 gabas. Duba wannan tun a layin farko.

In ka dawo gida, ɗora wurarenka a kan hoton tauraron ɗan'adam. Hotunan CORONA, waɗanda Amurka ta ɗauka daga 1960 zuwa 1972 ta kuma sake su a 1995, ana neman su a shafin EarthExplorer. In ka dace da na Katsina, za ka ga layin bangon kafin gari ya haɗiye shi. In ka haɗa wuraren da layi, QGIS zai lissafa maka mita nawa ke tsaye, nawa suka tafi.

Da waɗannan lambobin kake da abin kaiwa CAA. Kowace shekara takan nemi taƙaitattun maƙaloli don taronta, akwai tallafin halarta da ɗalibai ke nema, mujallarta JCAA kuma kyauta ake karantawa a intanet. A taƙaitawar ka faɗi wayar da ka yi amfani da ita, girman kaucewar awonka, da inda ka ajiye bayanan don wani ya sake lissafin.