Darasi na 9: Gwajin jini da fitsari idan yaro na fama da ciwon saman ciki

A bayan tumbi, sama da cibiya kaɗan, akwai wata gaɓa doguwa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini, ita ce kuma ke zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji. A ruwan nan akwai sinadarai biyu da ake aunawa a asibiti: amilas mai narkar da abinci irin su tuwo da dankali, da lifas mai narkar da maiƙo.

Idan gaɓar ta kumbura, sinadaran sai su malala cikin jini. Za ki ga yaro ya dafe saman ciki ya duƙunƙune, yana amai, ko kunu ba ya karɓa. Wani lokaci ciwon har gadon baya yake ratsawa. Likita zai sa a ɗebi jini. Idan adadin ya ninka na mai lafiya sau 3 ko fiye, ga kuma ciwon, an kama bakin zaren. Yawanci akan ƙara da hoton ciki.

Abin da iyaye kan raina shi ne ranar da ciwon ya fara, alhali ita ce ke sa a fahimci sakamakon. Amilas yakan hau cikin 'yan sa'o'i, ya sauka bayan kwana 3 zuwa 5. Wanda aka tsaya ba shi jiƙo a gida sati guda, jininsa na iya nuna kamar lafiya lau. A fitsari amilas ya fi daɗewa, shi ya sa ake miƙo miki 'yar kwalba. Lifas kuwa yakan kai sati 2 a jini, don haka likitoci suka fi yarda da shi, musamman ga jarirai, waɗanda dama amilas ɗinsu kaɗan ne.

Hawan amilas kaɗai ba hujja ba ne. Yawu ma yana ɗauke da shi, saboda haka mai hangum nasa kan hau.

Kada ki ɓoye wa likita komai. Faɗuwa da ciki a kan mariƙin keke, tsutsar ciki, tsakuwar matsarmama da ke yawan damun masu sikila, da wasu magungunan farfaɗiya, duk suna iya jawo kumburin. Ki tafi da kwalin maganin, amma kada ki dakatar da shi da kanki.

Aiki: Rubuta a littafinki abubuwa 3 da za ki gaya wa likita kafin a ɗebi jinin ɗanki.