Daga Kwalejin Shekara Biyu Zuwa Jami'ar Kalifoniya: Hanyar da Na Bi

Tun da na samu gurbi a UC Davis, ɗaya daga cikin rassan Jami'ar Kalifoniya a Amurka, ƙannen abokai ke ta turo min saƙo daga gida: "Yaya, ta ina ake shiga?" Ni dai ta ƙaramar ƙofa na shiga. Na yi shekara biyu da rabi a wata kwalejin al'umma a kudancin Kalifoniya, inda kuɗin makaranta ya fi na jami'a sauƙi nesa ba kusa ba, sannan na koma jami'a a aji uku. Wannan rabin shekarar da ya hau kan biyun, kuskure ne ya jawo min shi, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Abu na farko, tun kafin ka yi rajistar darasi ko ɗaya, ka san jami'ar da kake hari da fannin da kake so a cikinta. Sai ka buɗe ASSIST, shafin intanet da ke haɗa darussan kwalejoji da na jami'o'in jihar, ka sa sunan kwalejinka da na jami'ar da na fannin. Zai jero maka darussan da jami'ar ke karɓa, kowanne da lambarsa. Abin da ba ya cikin jerin, ko ka ci A, ba zai cike maka gurbin ba. Ni a zangona na farko wani mai ba ɗalibai shawara ya ji na ce ina son harkar lafiya, sai ya sa ni a kemistirin da aka tanada wa masu karatun jinya. Na yi wata huɗu ina kwana kan littafi, na ci. Ranar da na buɗe ASSIST a ɗakin karatu na bi jerin da yatsa har ƙasa, na sake bi, lambar darasin ba ta nan. Na daɗe zaune kafin na iya kiran Baba.

Dalilin da ya sa kuskure irin wannan ke da tsada shi ne kemistiri sarƙa ce. Na gama-gari zango biyu ne, oganik ma zango biyu, kuma ba a barin ka taɓa na gaba sai ka gama na baya. Zango huɗu ke nan, shekara biyu cif. In ka yi latti da zango ɗaya, komai ya ja baya. Haka lissafi yake, domin kalkulas ne ke buɗe maka ƙofar fizis. Saboda haka ka fara da waɗannan, ka saka bayoloji a gefe, darussan da ake neman kowane ɗalibi ya yi kuma ka riƙa cike giɓi da su. Kuma duk jerin da ka fara, ka ƙarasa shi a kwaleji ɗaya.

Jami'ar Kalifoniya na neman yunit 60 na zango (ma'aunin nauyin darussa) waɗanda take karɓa, da GPA, wato matsakaicin maki, aƙalla 2.8 ga wanda ba mazaunin jihar ba. Kar wannan adadin ya ruɗe ka, adadin shiga layi ne kawai. A fannin kimiyyar halittu a rassanta na UCLA (Los Angeles) ko Berkeley, waɗanda ake ɗauka sun fi kusa da 4.0.

Akwai kuma TAG, yarjejeniyar da ke tabbatar maka da gurbi in ka cika sharuɗɗa. Rassa shida ne ke bayarwa: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Ana cikewa a watan Satumba, reshe ɗaya kawai za ka zaɓa, kuma ba kowane fanni ke ciki ba. A ganina wanda ya cancanta ya ƙi cikewa ya cuci kansa, tunda ba ta hana ka neman UCLA. Babbar takardar neman gurbi kuwa ƙarshen Nuwamba ake rufe ta, da gajerun rubuce-rubuce huɗu, kowanne bai wuce kalma 350 ba. Ka rubuta abin da hannunka ya taɓa. Ni na ba da labarin farantan ƙwayoyin cuta da na riƙa shiryawa a ɗakin gwajin kwaleji ne. In kuma ka taɓa yin ko zango ɗaya a wata jami'a a Najeriya ko Nijar, ka bayyana, domin ɓoyewa na iya sa a janye gurbin bayan an ba ka.

Maganar kuɗi, a yi ta da iyaye tun da wuri. Mai bizar ɗalibai ta F-1 ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, aikin da aka yarje masa a harabar makaranta bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, kuma jami'a za ta nemi shaidar kuɗin shekara guda kafin ta ba ka sabuwar I-20, takardar da makaranta ke bayarwa don bizar ɗalibi. Yawancin shirye-shiryen binciken bazara na ɗaliban digirin farko, da ake kira REU, ma na 'yan ƙasa ne da masu katin zaman dindindin, don haka malamai za ka riƙa rubuta wa kai tsaye.

A kuma fahimtar da su Hajiya cewa digirin kimiyyar halittu ba MBBS ba ne. A Amurka sai an gama digirin farko ake neman makarantar likitanci, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke ɗaukar baƙi. Ni bincike nake so, shi ya sa hanyar ta dace da ni. In rigar likita ce burinka, ku zauna da su ku yi wannan lissafin kafin a sayi tikitin jirgi.