Yadda Ake Maganin Tsutsar Masara Kafin Ta Shige Zuciya

Kowace damina sai na ga sabon manomi ya zuba kuɗi a magani, tsutsa kuma ta ci gaba da cin masararsa, ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu. Jabu akwai shi a kasuwa, amma yawanci lokacin feshin ne aka kuskure. Wannan tsutsar baƙuwa ce, asalinta nahiyar Amurka, a farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma, har da Najeriya, don haka dabarun da muka gada na tsutsar kara ba su isa ba.

Fara zagayen gona tun masara tana ganye uku ko huɗu, sau biyu a mako, da sassafe. Kada ka tsaya a bakin gona kana hange. Shiga ciki, ka zaɓi wuri biyar nesa da juna, kowane wuri ka duba tushe goma. Juya ganyen, domin uwar tsutsar, wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, takan zuba ƙwai a dunƙule, ɗari ko fiye a wuri guda, lulluɓe da wani abu kamar auduga. Cikin kwana biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe. Ka ga ƙwai, murtsuke su da yatsa, wannan kyauta ne. Alamar ƙananan tsutsa ita ce ganye ya kankare ya yi shara-shara kamar leda. In goma cikin hamsin ɗin nan sun nuna sabuwar ɓarna, ɗauko famfon feshi.

Nan ne ni ma na taɓa faɗuwa. Na jira har ganye ya yayyage, kashin tsutsa ya taru kamar garin katako, sannan na yi feshi da rana tsaka, ina watsa magani saman ganye kamar mai kashe ciyawa. Ashe tsutsar tana can ƙasan zuciyar masara, inda sabon ganye ke naɗe, kashinta ya toshe bakin ramin. Ko ɗigo bai kai gare ta ba. Babba ce a lokacin, da alama a goshinta kamar harafin Y a kife da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, kuma babbar tsutsa ba ta jin magani kamar ƙarama. Saboda haka feshi da yamma lis ake yi, ko da asuba, lokacin da take fitowa ci. Saita bakin famfon cikin zuciyar kowane tushe, ɗaya bayan ɗaya. Aikin zai ci lokaci, kuma ɗan ƙwadagon da ka biya a kan yawan famfon da ya juye ba zai yi maka haka ba sai kana tsaye a kansa. In hadari ya haɗo, bari sai gobe.

Ni magani mai sinadarin emamectin benzoate nake fara sawa. In za a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu, sai in sauya zuwa mai chlorantraniliprole, ko da ya fi tsada, don tsutsar tana saurin sabawa da magani iri ɗaya. Bi awon da ke jikin kwalba, ka daina ƙara murfi guda "don ya yi ƙarfi". Rufe hanci da baki, sa doguwar riga da takalmi.

Mai 'yar gona a bayan gida ba sai ya sayi komai ba. Toka haɗe da yashi, ɗan tsunkule a kowace zuciya, tana taimakawa, haka ma ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana guda.

Shuka da wuri tare da maƙwabta, don masarar da ta makara ita ke karɓar tsutsar unguwa duka. Masara ta yi goyo, ka rage feshi, ɗanya kuma da za a gasa kada magani ya kusance ta dab da cira. Bayan girbi kwashe kara, shanya hatsin ya bushe ƙayau, ka zuba a buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ka ɗaure ledojinsa biyu tam. Fiya-fiya kuwa kada ya shiga abin da iyali za su ci.