Yadda hukuma za ta tsare tambarinta daga canza kama

Wanda ya tashi daga Gombe ya nufi Kaltungo ko Bajoga yana lura da allunan ofisoshin gwamnati, zai iya ganin tambarin hukuma ɗaya da kama uku. A ƙofar ofis kore ne shar, a jikin mota ya koɗe, a kan ƙyallen talla, wato bana, kuwa an ja shi ya yi faɗi kamar an taka kwano. Wannan ba batun ado ba ne kawai. Idan takardun hukuma na gaskiya ba su yi kama da juna ba, da me talaka zai gane takardar ɗaukar aiki ta bogi idan ɗan damfara ya miƙa masa?

Ɓarnar tana farawa ne daga ɓatan fayil na asali. An ba wani mai zane aiki shekarun baya, ya kawo hoto, an biya shi, an rabu. Daga nan kowa sai ya kwafo daga inda ya samu: wannan daga Facebook, wancan ya ɗauki hoton tsohuwar wasiƙa da waya. Kwafin kwafi kuwa kullum raguwa yake yi.

Don haka aikin farko shi ne a nemo asalin zanen, irin wanda ake kira bekta. Shi bekta da layuka da lissafi aka gina shi, ana iya faɗaɗa shi daga girman hatimi zuwa girman bango bai dushe ba. Sunan fayil ɗinsa yana ƙarewa da CDR, AI, EPS ko SVG. JPEG da PNG kuwa ɗigo-ɗigo ne, da an ja su sai su farfashe. Yawancin masu madaba'a a Gombe da Bauchi da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, saboda haka a ajiye CDR, a haɗa da PDF na bekta don wanda manhajarsa tsohuwa ce. In asalin ya ɓace, a sa ƙwararre ya sake zana shi da hannu a kwamfuta daga kwafi mafi tsabta, shugaban hukuma ya sa hannu a kan wanda aka buga, ya zama shi ne ma'auni. Kada a yarda da bin sawun hoto da manhaja ke yi da kanta, tana cinye ƙananan haruffa. Kafin a rufe fayil a mayar da rubutun cikinsa zane, a CorelDRAW Ctrl+Q ne, in ba haka ba kwamfutar da ba ta da irin wannan rubutun za ta sauya shi da wani.

Daga wannan asali a fitar da iri huɗu: mai cikakken launi, baƙi zalla don hatimi da fotokwafi, fari don ɗorawa a kan wuri mai duhu, sai sauƙaƙƙe marar ƙananan rubutu don ɗinkin riga da hoton shafin sada zumunta. Na amfanin ofis a ba su PNG marar bango. JPEG ne ke jawo farin akwatin nan da ake gani kewaye da tambari a kan fosta mai launi.

Launi shi ne inda aka fi samun saɓani da ɗan kwangila, domin "kore" ba umarni ba ne. Allon waya da kwamfuta da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK. Koren da ke walƙiya a waya yakan fito a takarda da duhu, ba kuma laifin mai bugu ba ne. A rubuta wa kowane launi lambarsa ta CMYK don bugu da lambar HEX, wato mai farawa da alamar #, don intanet. Koren tutar Najeriya, misali, an fi rubuta shi #008751. Mai fenti ba ya aiki da waɗannan lambobi, shi sai a ba shi samfurin da aka buga, ya gwada a kan guntun ƙarfe, a bari ya bushe sannan a kwatanta a waje da rana, don fenti yana canzawa idan ya bushe. A kuma sani ranar wannan yanki ba ta raga wa tawada, ja ne yake fara koɗewa. Allon da zai shekara a waje a nemi tawada mai jure rana da ledar kariya, a rubuta haka cikin takardar kwangila.

A bar fili kewaye da tambari, aƙalla kwatan tsayinsa ta kowane ɓangare, ba rubutu ba hoton kowa. Tambari mai zagaye da rubutu a gefensa kada ya gaza milimita 20 a takarda. A ɗinkin kwamfuta harafin da bai kai milimita 5 ba dunƙulewa yake yi. Wajen ƙara girma a ja daga kusurwa, ba daga gefe ba. Wannan kuskure ɗaya shi ya fi kowanne yawa a wasiƙun ofis. Hoton da za a buga a takarda ya kai ɗigo 300 a inci. Kuma in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto matse shi take yi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman: haruffan ɓ, ɗ da ƙ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko mai bugu ya cire lanƙwasar ya mayar da "ƙaramar hukuma" ta zama "karamar hukuma". A zaɓi salon da ke ɗauke da su, kamar Noto Sans ko Andika, kyauta ne duka, a sa shi a kowace kwamfutar ofis.

Tambarin ƙasa, mai baƙar garkuwa da fararen dawakai biyu da jar gaggafa, ba kayan ado ba ne, akwai dokar tuta da tambarin ƙasa ta 1960 da ta taƙaita amfani da shi. Haka na jiha yana da matsayinsa. Hukuma ta yanke tun wuri wace takarda ce ke ɗaukar na gwamnati, wacce ke ɗaukar nata, kuma in sun haɗu da na ƙungiyar tallafi wanne ne a gaba. Jihar Gombe a 1996 aka cire ta daga Bauchi, sunayen ma'aikatu kuma suna sauyawa idan an haɗe su ko an raba, don haka duk lokacin da suna ya canza a tattara tsofaffin hatimai da ragowar takardun wasiƙa a rubuta adadinsu a lalata. Tsohon hatimi a aljihun tebur hanyar zamba ce.

Duk wannan a tattara shi a shafi huɗu zuwa shida, da hotunan daidai da na kuskure gefe da gefe. Littafi mai kauri ba wanda zai buɗe. A damƙa fayilolin ga ofis ɗaya, galibi na hulɗa da jama'a, a ajiye kwafi a filas da kuma imel na hukuma, ba a wayar ma'aikacin da za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe ba. Sashen sayayya ya maƙala waɗannan shafuka a kowace kwangilar bugu, da sharaɗin cewa ba za a buga da yawa ba sai an kawo samfuri ɗaya, a kan ainihin takardar ko ledar ko yadin da za a yi aikin da shi, jami'in ya duba ya sa hannu da kwanan wata a bayansa.